Goggo Ta Ƙi Zuwa Asibiti, Tana Jiran Likitocin da Babu Su

Hajiya Nafisa, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗan wata ruga ne kusa da Dodoru a ƙasar Gwandu. Allah ya yi mini gyaɗar dogo na samu gurbin karatu a wata jami'a a Turai, ina karantar lafiyar al'ummar duniya. Ni ba likita ba ne, Hajiya, ko allura ban iya yi ba. Abin da muke koyo shi ne yadda cuta ke shiga gari: wane ruwa ake sha, ina mata ke haihuwa, me ke hana mutane zuwa asibiti. Kowace shekara akan kai ɗalibai wata ƙasa su gane wa idonsu. Bana malamarmu ta ce Najeriya za a je, a Kalgo za mu sauka, kuma ana neman rugar makiyaya da za a ziyarta. Ni da rawar kai na ɗaga hannu na ce ga tamu.

To, ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, ba mu taɓa zama mun yi hira ba, ko waya na kira sai ya miƙa wa wani. Don haka ƙanwata Mubaraka na gaya wa, ita ta gaya wa Baffa Ɗalha, ƙanen mahaifina, shi ya kai maganar. Kowa ya ƙara mata gishiri a hanya. Ta bar bakina a matsayin ɗalibai masu zuwa tambayoyi, ta isa kunnen tsoho a matsayin likitocin Turai masu zuwa duba marasa lafiya kyauta. Mutumin da bai taɓa yabona a gaban kowa ba, an ce ya tsaya bayan sallar Juma'a yana shaida wa jama'a abin da "yaron nan" zai kawo. Ya ware bijimi don baƙi. Daga rugagen da ke kewaye, har wajen Wurogauri, an fara aiko masa a sa wane da wance a layi. Su kuwa baƙin, ɗaya tattalin arziki ya karanta, ɗaya 'yar jarida ce, ma'aikaciyar jinya ɗaya tak ce a cikinmu.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne Goggo Kulu, yayar mahaifina, wadda aka miƙa ni hannunta tun yaye. Ita na sani a matsayin uwa. Tana da ciwon suga, ga gyambo a ƙafarta ya ƙi warkewa. A asibitin garinmu an ce a hanzarta kai ta Birnin Kebbi a kwantar da ita. Ta ce ba inda za ta, ɗanta na nan tafe da waɗanda suka fi su. Mubaraka ta turo mini hoton ƙafar, yatsu sun fara baƙi. Ko ban zama likita ba na san ma'anar wannan, kuma zuwanmu sai wata mai kamawa.

Na roƙi Baffa Ɗalha ya gyara maganar, ya ce shi ba zai kunyata yayansa ba. Ina tsoron gaya wa malamarmu kada ta soke zuwan, abin ya fi muni. Har na yi tunanin roƙon ma'aikaciyar jinyar nan ta sa farar riga ta ɗan dudduba mutane, ko a rufa wa tsoho asiri. Ina son Goggo, kuma wallahi ba na son karon farko da mahaifina ya yi alfahari da ni ya zama abin dariya. Ya zan yi?

Ɗan Fari, daga Turai

AMSA

Ɗana, na fahimce ka sarai, domin ni ma har yau ban taɓa kiran sunan babban ɗana ba. Kunyar nan ba ƙiyayya ba ce, kuma mutuncin dattijo a rugarsa ba abin wasa ba ne. Amma ka haɗa abubuwa biyu a ma'auni ɗaya, alhali nauyinsu ba ɗaya ba. Kunya ana jin ta a manta. Bijimi in an yanka, shanu za su haifi wani. Ƙafa ba ta dawowa.

Ka fara da Goggo, yau ɗin nan. Tsakaninka da ita ai babu wannan shingen, ita ta goya ka, me zai hana ka yi mata magana kai tsaye? Ka sa Mubaraka ta kara mata waya a kunne, ka gaya mata da bakinka cewa ba likita ko ɗaya a tafiyar nan, kuma kai ne kake roƙonta ta tafi Birnin Kebbi gobe. Ina kyautata zaton ba Turawa take jira ba. Tsoron a yanke mata ƙafa take yi, ta samu abin fakewa. Ka saurari tsoron nata, ka gaya mata jinkirin ne ke jawo abin da take gudu. Ka shirya mota da wanda zai yi jinyarta kafin ka kira, kada a samu wani uzurin.

Batun farar riga kuwa, kul! Wanda aka dudduba aka ce ya tafi gida zai ɗauka ya ga likita, sai ka wayi gari da irin Goggo goma, kuma alhakinsu a wuyanka.

Ka gaya wa malamarku komai. Ita ma da nata sakacin: ba a shiga ƙauye da baƙi ta bakin ɗalibi kaɗai, ana bi ta wurin hakimi da ma'aikatan lafiya na ƙaramar hukuma. Ta tuntuɓe su yanzu, wataƙila su turo ma'aikatansu ranar ziyarar a duba mutane da gaske. Amma kada ka yi wa kowa wannan alkawarin sai ya tabbata.

Shi kuwa mahaifinku, ka bar Baffa Ɗalha, tunda bakinsa ne ya kai maganar, nauyin warware ta yake ji. Ka nemi limaminku ko wani aminin tsohon ya same shi a keɓe. In ya ji da wuri, shi da kansa zai san yadda zai gyara zancensa a gaban jama'a, dattawa sun fi mu iya wannan. In ka bari sai marasa lafiya sun taru a ƙofar gidansa, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Zai ji zafi, wataƙila ya ɗauke maka kai na wani lokaci. Amma ka tuna Goggo Kulu yayarsa ce. Ran da ya gane ka san gaskiya ka yi shiru har aka makara, wannan ne ba zai yafe maka ba.

Ka ajiye jaridar nan ka kira Goggo. Allah ya ba ta lafiya, ya kawo ku lafiya, ya sa ita ce za ta taka da ƙafafunta ta tarye ka.

Hajiya Nafisa