Rabin Huji

Daren Asabar, Gashua

Yanzu na dawo daga Nguru, bayana kamar zai tsage, amma barci ya ƙi zuwa.

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye bai sake busa sarewa ba, kuma duk gidanmu babu wanda ya gaje shi. Shi ya sa nake ta fama da kwamfutar nan. Na saurari tsofaffin bushe-bushensa da ke wayata, na rubuta sautukan a manhajar kiɗa, sannan na shirya mata umarni ta riƙa zana sarewa a ƙarƙashin kowane sauti. Hujin da za a toshe ya fito baƙi, na buɗewa fari. Jiya dai ta yi, ban zana ko ɗaya da hannu ba.

Yau na buga zanen a takarda, na kai masa can gida Nguru. Inna ta ce, "Kai Habu, kada ka tayar masa da hankali." Ya daɗe yana kallo. Can sai na ga yatsun hannunsa mai lafiya suna motsi a kan cinyarsa, suna bin zanen. Da ya zo wani wuri ya tsaya, ya ɗan ɗaga yatsa, ya dube ni. Da ƙyar ya ce, "Nan, rabi ne."

Inna ta dafe baki. Wai ya kwana biyu bai ce wa kowa uffan ba. Na fita zaure don kada ya ga idona.

Manhajar ba ta san toshe rabin huji ba tukuna. To, za ta sani. In sha Allahu ba zan koma masa ba sai da shi.