Rubutu Uku Tsakanina Da 'Yarka

Zuwa ga ɗana Habibu,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Gaisuwa ce daga uba zuwa ga ɗan da ya riga shi kwanciya. Ina fata ƙasar Japan da aka rufe ka a cikinta, wadda ban taɓa takawa ba, ta yi maka sauƙi. Mu a nan Riyad muna nan yadda ka san mu. Zafi na nan, unguwarmu Gubaira na nan da ƙarar gudumar masu gyaran mota, ni ma ina nan ina jan motar mudir, maigidan da nake wa aiki, sai dai gwiwa da ido da suka fara yi mini gardama.

Na san ba a kai wasiƙa inda kake. Zan ɗora ta a shafin intanet ɗin nan da ka buɗe mini da hannunka, masu leƙowa su karanta in sun ga dama. Maganar dai da kai nake yi.

Labarin 'yarka Hana na zo ba ka, da yadda take sulalewa daga hannuna ina ji ina gani.

Ka tuna Juma'o'inmu. In na dawo daga masallaci, ku can kun ci abincin dare, sai ka kira ni a waya mu ga juna, ka ɗora ta a cinya. Kai ne tafinta. Ni kuwa ina dariya a raina, don kai ma Hausarka da ɗingishi take tafiya, tun da a nan ka tashi, Larabci ya riga ta shiga bakinka. Amma da wannan Hausar mai ɗingishi kake ɗaukar maganata ka kai mata, ka ɗauko tata ka kawo mini.

Sunan mahaifiyarka ka sa mata, Hauwa'u, uwarta kuma ta ƙara mata Hana. To yarinyar da ta ci sunan matata, me zan kira ta in ba Amarya ba? Nakan ce ka faɗa mata ta yi muni, ba na so, a canza mini wata. Ita kuma ta murguɗa baki ta rama. Ranar da ta ce hulata ta yi kama da tukunyar dafa shinkafarku, sai da na kai maganar shagon Isiyaku tela, na ba kowa labari. Ka san Isiyaku, abokina tun zuwanmu ƙasar nan. Ya ce yarinyar ta fi ni gaskiya.

Da ka rasu, matarka Yumiko ba ta yar da Juma'ar nan ba. Wannan ka sani, ko a gaban wa zan faɗa, mutuniyar kirki ka bari. Tana kira, ta zaunar da yarinyar, mu yi ta kallon juna. Turancina na direba ne, dama da hagu da tsaya nan. Nata ma bai fi nawa da yawa ba. Sai murmushi, sai ɗaga hannu, sai a kashe waya.

Sai aka nuna mini cewa waya tana fassara. Ka rubuta da Hausa, ta juya maka zuwa yarensu. Na yi murna ƙwarai, na ce ashe an yi mini sabon tafinta.

Da Sallah Yumiko ta turo hoton Hana cikin sabuwar riga, an ɗaure mata gashi gida biyu. Habibu, kamar uwarka tana ƙarama. Zuciyata ta cika, na rasa inda zan sa kaina, sai na rubuta abin da kowane kaka zai faɗa. Na ce Amarya wannan muni haka, na fasa auren, ki nemi wani mijin. Wayar ta juya, na tura, na koma ina jiran ramuwa.

Juma'a ta zo ba kira. Wata ta zo ta wuce. Daga baya saƙo ya shigo daga Yumiko, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. Tana tambaya ko sun yi mini wani laifi ne, me ya sa nake ƙin yarinyar, kuma wane aure nake magana a kai. Ta ce Hana ce ta matsa a karanta mata saƙon kakanta, aka karanta, ta shige ɗaki.

A lokacin na gane irin aikin da kake yi a tsakaninmu. Ashe ba kalmomi kaɗai kake kaiwa ba. Kana kai su da dariyarka, da yadda kake ɗaga gira, yarinya ta san wasa ne. Inji ya ɗauki maganar ya kai ta tsirara.

Na yi dogon bayani, ta injin nan dai, cewa a wurinmu jika abokiyar wasan kaka ce, wanda ka fi so shi kake tsokana. Yumiko ta ce ta fahimta, har ita ce mai ba ni haƙuri. Kira ya dawo. Amma Hanar da ta dawo ba waccan ba ce. Tana zama a miƙe, hannu bisa gwiwa, kamar mai jiran likita.

Ranar na yi wa kaina alkawarin ba zan ƙara aika inji tsakanina da jinina ba. Na ce zan koyi rubutunsu da hannuna. Dalilin da tsohon ubanka ya koma makaranta ke nan.

Hanya ɗaya na sani ta koyon karatu, wadda aka koya mini a zauren malaminmu a gida. Na je wurin kafinta a bayan layinmu ya yanka mini allo, na samo tawada da alƙalami. Isiyaku ya gan ni da allo a hammata, ya tambaya ko in na rubuta zan wanke in sha ne, ko Japananci zai fi saurin shiga ta ciki. Na ce masa in da zai shiga, da tulu zan sha.

Ka san ba ka taɓa faɗa mini rubutu uku gare su ba? Da ka faɗa, wataƙila da na yi shawara da gwiwata tun da wuri.

Na fara da wanda suke kira katakana, don shi na saba gani a jikin kwalayen kayan mota a Gubaira, kuma a miƙe yake, kamar an karya tsinken tsintsiya an jera. Na ɗauke shi babbaƙu. In na sauke mudir a unguwar Ulaya ya hau bene, sai in zauna cikin mota in buɗe takarda, ina rerawa ina kaɗa kai, ka ki ku ke ko. Masu gadin wurin sun ɗauka wuridi nake yi, har suna rage murya in za su wuce.

Na haddace shi tsaf. Sai na gano cewa wannan rubutun na baƙi ne. Da shi suke rubuta kalmomin aro da sunayen mutanen waje. Sunana da shi ake rubutawa, naka ma haka. Na yi dariya ni kaɗai a mota, na ce ashe har a rubutu akwai masu iƙama, baƙi irina masu zama da takardar izini. Littattafan da Hana ke karantawa kuwa ba da shi aka yi su ba.

Na wanke allo na koma farko. Na biyun shi ne hiragana, mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar taliyar da ta zube a faranti. Hannuna da ya saba da ajami yana so ya faro daga dama, su kuma kowane jan alƙalami da inda yake farawa da inda yake tsayawa. Na sha wuya. Amma na ce wannan ai farfaru ne, wanda ya wuce shi ya kama hanyar karatu.

Akwai Juma'ar da ba zan manta ba. Hana ta ɗaga wata takarda da ta yi zane da rubutu a ƙasa, don uwarta ta ce ta nuna mini. Na matso da wayar kusa da ido, na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, na karanta da ƙarfi. Habibu, ka ga fuskarta. Ta yi tsalle, ta kira uwarta, ta manne da wayar, ta kwararo mini magana kamar an ɓalle famfo. Tambaya take yi, tana jira, tana sake yi.

Ban ji ko kalma ɗaya ba. Abin da na karanta ma ban san me na ce ba.

Laifin hanyata ne. A zaure haka aka yi mana, ka iya biyawa tukuna, ma'ana tana nan tafe in ka girma ka zauna gaban malamin littafi. Kuma ta zo ɗin, don a lokacin ina da shekaru a gabana. Ban tsaya na lissafa cewa yanzu a bayana suke ba. Na ga murnar tana sauka daga fuskarta a hankali, ta koma ta zauna, ta mayar da hannu bisa gwiwa.

Ban daina ba. Na fara tara kalmomi, ruwa, gida, makaranta, na gode. Ina cikin haka na ci karo da na ukun, kanji. Wannan ba a rera shi. Kowane ɗaya zane ne mai ma'anarsa, a nan a karanta shi haka, a can a karanta shi daban, kuma yawansu ya fi ƙarfin allona. Na iya dutse, na iya kogi, na iya mutum, na iya itace. Isiyaku ya ce to madalla, in na je Japan na ɓace a daji zan iya ba da labari.

Hana kuma ta shiga makaranta. Kowane mako tana dawowa da sababbi, ta zuba su a rubutunta. Abin da nake kwashe wata ina fama da shi, ita kafin a tashi tara ta gama. Ina bin ta da sanda, tana kan keke. Takardar da na iya karantawa bara, irinta ta bana rabinta duhu ne a wurina.

Ga ido. Likita ya ce yanar ido ta fara rufe na hagu, na dama ma yana bin sahu. Ƙananan zanen nan sai su haɗe mini su zama ƙuda. Kafil ɗina, wanda iƙamata ke hannunsa, ya kira ni kwanan baya, cikin mutunci, ya ce halas ya Hajji, ka yi aiki, lokacin hutu ya yi. Na san fassarar wannan ba sai da inji ba. In iƙamata ta ƙare ba za a sabunta ba. Zan koma ƙauyenmu, inda sai an hau tudun bayan makabarta ake samun waya ta kama, balle a ga fuskar mutum.

Ina da tatsuniyoyi cike da ciki, waɗanda kakata ta zuba mini, na yi ta ajiya don 'ya'yanka. Yanzu na rage buri. Ba na neman in ba ta tatsuniya. Layi ɗaya nake so in rubuta da hannuna in tsokane ta, ta gane wasa ne, ta rama. Na ma nemo kalmomin na jera su a allo. Na kasa turawa. Ban san nauyinsu a kunnenta ba, kuma ba ni da wanda zai ɗaga mata gira.

Juma'ar da ta wuce ta nuna mini abin da aka koya musu. Zane ɗaya ne babba a tsakiyar takarda, kamar ciyawa a sama, wasu ƙafafu a ƙasa. Ta riƙe tana jira. Na matso, na ja baya, na rufe idon hagu. Ban san shi ba.

Ba ta yi dariya ba. Ta juya takardar, ta sake rubutawa da manyan baƙaƙen hiragana, yadda ake yi wa ɗan yaye. Na biya, ha, na. Sunanta ne, Habibu. Sunan jikata aka ɗaga mini na kasa karantawa.

Ta tafa mini a hankali. Ta ce wani abu da na tsinci na gode a ciki. Sannan ta miƙe ta haɗa hannu ta rusuna mini, irin rusunawarsu, ta dubi uwarta ko ta gama, ta tafi.

Yarinyar da ta ce hulata tukunya ce. Na so ta yi mini gwalo. Na so ta ce tsoho ya ji kunya, ɗan aji ɗaya ya fi shi. Wannan ladabin na san shi, shi nake yi wa baƙin mudir in na buɗe musu ƙofar mota. Ka yi mata tarbiyya, uwarta ta ɗora, ba ni da abin cewa. Amma ladabin baƙo take yi mini, kuma ban ga ranar da zan iya cewa ta daina ba.

Allon yana nan, gobe ma zan rubuta sunan nata, ko don hannu ya san shi kafin ido ya tafi. Ba na yaudarar kaina cewa zan cim mata.

Allah Ya jiƙan ka, ɗana, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifiyarka a inuwa ɗaya. Allah Ya saka wa Yumiko da alheri, Ya raya Hana, Ya tsare ta, ko da ta girma ba ta tuna komai game da ni sai wani tsoho a waya mai karatu da ƙyar. In kuma Ya ƙaddara mu taru gaba ɗaya a can, ina roƙon Ya zaunar da kai a tsakaninmu, ka faɗa mata wasa nake yi.

Mahaifinka,
Sale direba,
Gubaira, Riyad.