Babin Malam a Littafin Farfesa

Pumpumre, Garwa
14 ga Maris, 2021

Zuwa ga Yayata Dela,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Alhaji Ilyasu da yara da mutanen Dugoi baki ɗaya. Yaya zafin Marwa? Na sa takardar nan cikin littafin da nake maido miki, don maganar ba ta waya ba ce.

Yaya, na ji abin da ya ɗaure mini kai. Kin san shekara huɗu Malam Mahfuzu ya yi yana bin mahautan Garwa, yana zama a rumfar Babanmu yana ɗaukar muryarsu. To ya gama rubutun. Ni ina ta ƙiyasta bango mai sheƙi da sunan mijina a jiki, sai ya ce wai wata mujalla zai aika wa, wadda ba a ko buga ta a takarda, a intanet kawai take. Wasu mutum biyu da ba za a taɓa gaya masa sunansu ba su ne za su karanta, su kushe, su ce ya sake. Na ce innalillahi, mutumin da ya ɓoye sunansa ai ba alheri ya nufa ba.

Alhali malaminsa na da, Farfesa Olivier, yana haɗa littafi guda na malamai ashirin, kowa da babinsa, ya kuma kira Malam da kansa ya ba shi wuri. Abokiyar aikin Malam, Madam Rosine, ta zo har gida ta hana shi. Ta ce irin wannan littafi sai wanda kujerarsa ta riga ta kafu, shi kuwa asistan ne, ƙaramin malamin jami'a mai kwantiragi, kwamitin ƙarin girma na jiran aikinsa. Ta ce littafin taron jama'a ba ya fita sai mafi nawa a cikinsu ya gama. Na ba ta folere mai sanyi, zoɓon nan namu, amma raina ya ɓaci.

Da ta tafi na yi kuka sosai. Na ce masa littafi shi ne abin da ake riƙewa a hannu, a ara wa maƙwabta, ya zaga unguwa har bangonsa ya cire. Na ce Baba ya ba shi shekara huɗu, ya cancanci abin da zai ɗora a kan teburin rumfa. Jiya ya aika wa Farfesa. Malam ya ce in sani aiki ɗaya ba a ba shi wuri biyu, na ce na ji.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hidaya

Pumpumre, Garwa
2 ga Oktoba, 2023

Yaya Dela,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin Alhaji, ƙafar ta saki? 'Yata Raihana ta fara tafiya, tana gaida Gwaggonta.

Shekara biyu da rabi ke nan, littafin bai fito ba. Ni da nake jin haushi in marubuciya ta jinkirta kashi na biyu da wata ɗaya! Malami ɗaya ya rasu bai miƙa babinsa ba, aka tsaya neman takardunsa wajen iyalinsa. Wani ya tafi Turai ya daina amsa saƙo. Shi Farfesa aka ba shi babban muƙami, yanzu sakatariyarsa ke ɗaukar waya, kullum sai ta ce ana kan aiki.

Watan jiya aka rufe karɓar dosiye, wato takardun neman ƙarin girma da ake kai wa kwamiti a Yawunde. Malam ya sa wasiƙar Farfesa mai hatimi da ke shaida cewa babin na nan fitowa. Madam Rosine, wadda ta aika nata aikin ga waɗancan masu ɓoye suna, sau uku suka maido mata, ta gyara tana zaginsu, amma nata ya fito tun bara.

Malam kuwa harkarsa kawai yake. Yana cin tuwonsa, ya yi wa Raihana wasa. Da ma ya yi faɗa, Yaya. A littattafan labarin da muke karantawa miji yakan buga ƙofa ya fita, sai a san inda aka tsaya.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Hidaya

Pumpumre, Garwa
20 ga Fabrairu, 2024

Yaya Dela,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, sauri nake kafin motar Marwa ta tashi.

Sakamako ya fito, ba a ɗaga Malam ba. Kwamiti ya ce abin da bai fito ba ba a ƙirga shi, kuma ko ya fito ba su ga shaidar cewa wasu masana na waje sun tantance babin ba. Ashe waɗancan mutum biyun da na tsana su ne shaidar da ake nema! An ƙara masa shekara ɗaya tak. In bai kawo sabon aiki ba, kwantiraginsa ya ƙare.

Kwana tara bayan haka littafin ya iso. Kofi ɗaya aka ba shi. Na buɗe kwalin da alwala, wallahi. Bangon toka-toka ne, ba hoto, sunan Farfesa ne kaɗai a jiki. Na yi ta juya shafi kafin na ga sunan Malam a shafi na ɗari uku da goma sha biyu, an ma rubuta shi ba daidai ba. Na zauna in karanta, Faransancin ya fi ƙarfina tun layi na huɗu. Na kai wa Baba rumfa, ya goge hannunsa, ya auna nauyinsa a tafi, ya ce madalla, ya maido mini kada maiƙo ya taɓa shi. Ban iya gaya masa sauran ba, ke ma kada ki gaya masa.

Na tambayi Malam ko za a cire babin a kai wa mujallar yanzu. Ya ce an riga an buga, ba mai karɓa. Shekara huɗun nan sun shige cikin kwalin ke nan.

Ga roƙona. Yana so ya fara sabon bincike kan dillalan shanu na Mayo-Ulo, wata goma suka rage masa. Alhaji ya san su duka. Don Allah ki yi masa magana ya haɗa su, ya kuma ce su saki baki da shi, ba ɗan duwan ba ne, wato kwastan. Ki roƙe shi da sunana, ni na jawo.

Na faɗa wa Malam haka da bakina yau da safe, na nemi gafara. Ya ce shi ya sa hannu, ba ni ba, kuma shi ma ya so Farfesa ya ji daɗi. Sannan ya ajiye kofin shayi ya tambaye ni, fuskarsa ba dariya, wannan sabon aikin ina nake ganin ya kamata a kai shi. Har yanzu ban gane ko zolaya ce ba. Na ɗauki Raihana na shige kicin.

Ina jiran amsar Alhaji kafin Juma'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hidaya