Bugu Biyu a Jikin Mota

Daga ofishin Shugaban Direbobi,
zuwa ga babban ɗan direba mai farar bas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da maiɗakinka, da yara, da tumbin nan naka da aka ce yanzu shi yake riga ka shiga ɗaki. Ba kasafai mai matsayi irin nawa yake rubuta wa tela wasiƙa ba, don haka ajiye almakashi ka zauna.

Maganar mahaifinka ce. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi bai taɓa taka ko kaza ba. To, idanunsa sun fara tafiya. Daga nesa, mutum da turken fitila duk ɗaya ne a wurinsa, kuma ya ƙi yarda.

Ka san tsarin aikinmu. Yaron mota yana tsaye a ƙofa, in ya bugi jikin mota sau ɗaya a tafi, sau biyu a tsaya. Bincikenmu ya nuna cewa ƙaninka da kuke kira Barkono, yaro mai hankali da kyan fuska, wata biyar ke nan yana bugun da ba na fasinja ba. Ya hango mai kura zai tsallaka, bugu biyu. Ya hango tsohuwa da sanda, bugu biyu. Tsohon ya taka birki, ya waiwayo ya ga babu mai sauka, ya zage shi tas. Fasinja su kwashe da dariya, su ce shaƙiyancin ne ya motsa. Shi ma sai ya taya su, don kada a gane.

Ranar Talata, a mararrabar da ke gaban makarantar yara, inda jan allon nan na gefen titi yake, wata mata ta miƙa masa jaririnta don ta gyara zani. Yana riƙe da ɗan mutane hannu biyu sai ga 'yan mata biyu da jakunkuna sun sauko titi, mota kuwa ba ta rage gudu ba. Da goshi ya buga ƙarfen ƙofa, sau biyu. Da motar ta tsaya, jakar ƙaramar tana goge da fitilar gaba. Ko kuka yarinyar ba ta yi ba, kallon motar kawai take.

Da aka koma gida, ya durƙusa a zaure da goshi kamar ƙwan agwagwa, ya faɗa wa Baba gaskiya duka. Baba ya ture kofin shayinsa gefe. Sannan ya ce ɗan da ya saba ƙarya ba zai koya masa gani ba, kuma daga Asabar ɗan mai faci ne zai tsaya a ƙofa. Yaron kirki ne, amma sai fasinja ya ce zai sauka yake bugu.

Inna ta sani. Ta daina ajiye masa kofi a gabansa, a hannu take sa masa, amma bakinta ƙum. Auta, da yake ita ce 'yar bokon gidan, ta ce kalmar Turancin da ke jikin jan allon nan ita ake faɗa wa mota ta tsaya, ita ce sunan wurin tsayawar, ita ce kuma in ana so mutum ya daina abu. Mu da makarantar allo kaɗai muka yi ba mu san wannan ba. Amma biyun farko Baba ya iya su fiye da kowa. Ta ukun ce babu mai iya faɗa masa sai kai.

Na ce "mu", ko? To, asiri ya tonu.

Yaya, ni ne. Babu wani shugaba, babu ofishi, a bencin mai shayi na zauna Auta tana rubuta abin da nake faɗa. Na san ka rantse ba za ka ƙara buɗe wasiƙata ba tun da na rubuta maka cewa rufin ɗakin Inna ya rufta, ka baro ɗinki ka iske mu muna cin gyaɗa. Ka yi gaskiya, na ci duka kuma na cancanta. Wannan karon wallahi ba wasa. Tun Talata in na rufe ido jakar nan nake gani.

Abin da ka ji yana da nauyi a ƙasan ambulan, makullin motar ne. Ni na zare shi daga aljihun rigarsa yana alwala. Yanzu haka yana can yana lalube a ƙarƙashin tabarma, kuma Yaya, hannunsa ya wuce ta kan hularsa sau biyu bai gan ta ba. Na fita waje don kada ya ji kukana.

Ya ce in bai samu ba zuwa Juma'a zai kira mai yankan makulli. Ka zo kafin nan. In duka ne, ka haɗa da naka, zan tsaya.

Inna da Auta suna gaishe ka. A shafa mini kan yara.

Naka ƙani,
Barkono