Sanda Mai Tsaga Biyu

Dubbo, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Clarrie,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da karenka in bai mutu ba. Kada ka yi murna, ba zumunci ya sa na ɗauki biro ba. Shekara goma sha ɗaya ban neme ka ba, kuma ban rame ba. Sandata nake so, wadda muke auna tsayin bas da ita, wadda ka cusa a jakarka ranar da ka tafi ka bar mu a Winton.

Motar bas ɗin nan da muka mayar gidan kwana ta karkace hagu ta baya. In na ajiye kofin shayi a tebur, sai ya kama hanyar ƙofa. Na sake jakunkunan iskar da ke ɗauke da jikin motar, da bawul ɗinsu. Na sa tef ɗin awo daga ƙarfen tayoyi zuwa shasi, wato ƙashin motar, inci tara da rabi kowane gefe, yadda surukina ya karanto mini a littafin motar. Tef ya ce daidai, idona ya ce ƙarya ne.

Ranar 28 za a duba ta don sabunta takardu. 'Yata Raelene ta ce, "Baba, in ba ta wuce ba a sayar da ita, na samo maka ɗaki a gidan tsofaffi, tagarsa na kallon lambu." Na ce ni akuya ne da zan zauna ina kallon ganye? Sanyi na tafe, tsararrakina duk suna Karumba suna kamun kifi, ni ina bayan gidan suruki ina zagaya mota.

Aiko da sandar.

Yayanka,
Athol

Broken Hill, 8 ga Afrilu

Yaya Athol,

Gaisuwa mai yawa. Karen ya mutu tun tuni, na gode da tambaya. Na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yake sai da na juya takardar sau biyu kafin na gane ina ne sama.

Don Allah kada ka shiga ƙarƙashinta babu turakun ƙarfe. Ka san da zarar ka kwance ƙarfen bawul iska za ta fita, motar ta zauna a ƙirjinka. Kuma filin Raelene gangare ne, nemi daɓe mai lebur. Duk juyin noti ɗaya, ka sauke iska gaba ɗaya, ka bari ta taso da kanta, sannan ka auna.

Sandar kuwa, zan duba inda na jefa ta.

Ƙaninka,
Clarrie

Dubbo, 13 ga Afrilu

Clarrie,

Na gaishe ka a taƙaice. Ni za ka koya wa sauke iska? Ina riƙe sifana kana fitsarin kwance. Na kai ta daɓen kasuwar tumaki, na shimfiɗa ma'aunin ruwa, lebur ne. Sau bakwai na sauke na cika. Tana nan a karkace kamar mashayi.

Ba na iya zama, ba na iya cin abinci. Jiya na kwashe komai na gefen hagu, har gwangwanin wake. Sau ɗaya ta taɓa yi mini haka, lokacin da matata Merle ta cika kabad da duwatsun da take tsinta a kowane gari. Ka tuna na juye su a bakin titin Winton tana kuka, washegari mota ta miƙe. Kai kuma ka yi fushi ka hau motar haya, sai ka ce matarka ce. To, yau shekara shida Merle na ƙasa, ko tsakuwa babu a motar nan. Wa ke danne ta?

Ba ka jefa sandar ko'ina ba. Kai da ke ajiye tsohuwar ƙusa a kwalba.

Athol

Broken Hill, 18 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Zauna kafin ka karanta.

Sandar na rataye a kan gadona. Tsaga biyu gare ta, ɗaya kawai ka sani.

Kwana biyu kafin Winton, da rana, ina tuƙi, kana barci a baya, Merle ma ta gyangyaɗa, na faɗa wani ramin da ruwa ya ci. Ka farka ka ce mene ne, na ce dabbar nan kangaru na buge. Shasin ya lanƙwashe ta hagu. Tsoronka ya hana ni faɗa, don na san bakinka. Ina tsaye ka zubar mata da duwatsu. Da ka tafi cin abinci na shiga ƙarƙashi, na ɗaga hagu da inci ɗaya, na yi wa sandar sabuwar tsaga. Shi ya sa ta miƙe. Duwatsun ba su kai nauyin taya ɗaya ba.

Na kasa kallon Merle, shi ya sa na tafi. Na rubuta mata daga baya. Ta amsa ta ce kada in gaya maka, wai gara ka yi ta ganin kai ne da gaskiya da ka rasa ƙane har abada.

Ka sa hagu goma da rabi, dama tara da rabi. Gobe zan kai sandar gidan waya.

Ka yafe mini in za ka iya.

Clarrie

Dubbo, 22 ga Afrilu

Clarrie,

Ban yafe ba, kuma babu gaisuwa.

In ba ka aiko ba, kada ka aiko. In ka aiko, biyo ta. Na sayi turaku huɗu. Kai za ka shiga ƙarƙashi, ni zan riƙe sandar, kuma ka zo kafin 28.

Na gaya wa Raelene ta ba wani ɗakin lambun. In motar ta wuce, ba Karumba za mu ba. Na tuna wurin da na juye duwatsun Merle a titin Winton, akwai tankin shanu da ya yi tsatsa a hannun dama. Taho da buhu biyu da safar hannu. Bayana ba ya sunkuyawa, kai za ka tsince su.

Athol