Layin Wuyan Inna

Litinin, 2 ga Afrilu, 2001

Babu mai a Gwarzo, na jingine babur. Baba ya sa na raka shi tasha da gwangwanin baƙin fenti. Shekara talatin yana zana bayan manyan motoci, har Legas an san zakin Badamasi Kabo. Yanzu bin su yake yana ja wa kowace dabba layi a wuya. Wai in an raba kai da jiki, ya tashi daga abu mai rai.

Ba Hisba ce ta sa shi ba. Kaset ɗin wa'azi ne: ranar ƙiyama za a ce wa mai zane ya busa wa zanensa rai, ba kuwa zai iya ba.

Juma'a, 6 ga Afrilu

Jibirin direba ya kama mu a bayan motarsa. Ya ce, "Haba Malam, ka yanka min zaki ko bisimilla babu? To naman fa, wa zai ci?" 'Yan tasha suka yi ta dariya. Baba bai ɗago ba. Na lura sai da ya gyara wa zakin ido kafin ya yanka shi.

Laraba, 11 ga Afrilu

Tarin Baba ya dawo. Da jini.

Lahadi, 22 ga Afrilu

Baba ya tambayi zanen Inna.

Na san za a zo nan. Inna Hajaratu ta rasu ina ɗan shekara shida, ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Bayan arba'in ɗinta Baba ya zana ta daga ka a kan falankin tsohuwar ƙofa, ɗankwali kore, har da wushiryarta. Duk abin da na sani na fuskarta daga katakon nan ne. Tun watan jiya na kai shi Kabo, bayan rumbun Gwaggo Yelwa, yayar Baba.

Na ce ban san inda yake ba. Ya ce, "Musbahu, zakunan nan ko na kasa ba su rai, ban damu da su ba. Ita fa? A tsayar da ni gabanta a ce busa, in kasa, tana kallona?"

Na zuba masa ruwa a buta.

Talata, 1 ga Mayu

Gwaggo ta ce, "Uban naka tun yana yaro haka yake, in ya kama abu sai ya ga bayansa. Da gawayi ya ɓata mana bango, yanzu da tuba zai ɓata mana rai." Amma ta juya falankin ya fuskanci bango.

Na tambayi limamin unguwarsu. Ya ce malamai sun yi saɓani, Allah kuma Mai gafara ne. Na kai wa Baba maganar. Ya ce shi za a tsayar, ba liman ba.

Alhamis, 10 ga Mayu

Baba ba ya iya riƙe burushi. Ya ce layi ɗaya kawai, ni in ja masa. Layi ɗaya a wuyan Inna.

Na ce na riga na ƙone shi.

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake wa bodin mota kafin ya fara aiki. Ya ce, "Falankin maɗaci ne. Ba ya saurin ci." Sai ya juya.

Asabar, 12 ga Mayu

Bayan azahar. Allah Ya jiƙansa. Motoci tara suka tsaya a bakin titi, kowace dabbarta da layi a wuya. Jibirin ne ya fi kowa kuka.

Talata, 5 ga Yuni

An yi ruwa, kowa na gona. Na tafi Kabo da gwangwanin. Ban sani ba ko layin da aka ja bayan mutum ya tafi yana isa gare shi. Ban tambayi kowa ba.

Na ja. Hannuna bai yi rawa ba, abin da ya ban tsoro ke nan. Layin ya ɗan lanƙwasa ƙasa, sai ya zama kamar abin wuya. Akwai ragowar jan fenti a wani gwangwani, na ɗiga guda uku.

Gwaggo ta leƙo ta ce, "Murjaninta! Wa ya faɗa maka?"

Ba wanda ya faɗa min. Burushin Baba har yanzu yana aljihuna. Mantawa na yi.