Ba A Cin Ta Farko

Kuwait, farkon Nuwamba 1972

Zuwa ga yayata Wadad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Mama da duk mutanen Saida. Ilham da yara suna gaishe ku.

Kamfani ya ba ni hutu a watan Janairu, kuma na yanke shawara bana gaba ɗayanmu a kan duwatsu za mu yi shi. Mazin da Rima a nan aka haife su, ba su taɓa ganin dusar ƙanƙara ba sai a hoton kalanda. Jiya Rima ta tambaye ni wai sukari ne Allah yake zubowa. Mutumin Lebanon da 'yarsa ke irin wannan tambaya ai ya ji kunya.

Na auna garuruwa, na tsayar da Faraya. Otal ɗin da ɗumi har banɗaki, hanya kwalta ce, Beirut da asibitocinta ga su kusa. Mama za ta sha wata iskar, tunda an ce min tun rasuwar Baba ko bakin teku ba ta leƙa ba. Ke ma ki huta da tukwane. Ki aika a kama mana ɗakuna. Don Allah kada ki kawo min wani garin, na san halinki.

Ƙaninki,
Nazih

Saida, tsakiyar Nuwamba

Nazih,

Wa alaikumus salam. Muna nan, mun gode Allah. Ka shafa min kan yaran, ka gaida Ilham.

Ka ce kada in kawo wani gari. To na kawo. Ain Lauz za mu je, garin su Mama, kuma ka zauna ka ji dalili kafin ka fara kumbura.

Kai Mamar da ka sani ta hoton bara ce. Mama ba ta cin abinci, Nazih. Zoben aurenta da kansa ya zame ya faɗa kwanon wanke-wanke. Likita ya duba ta ciki da bai, ya ce ba wata cuta, ta dai ajiye cokali ne tun da aka binne Baba. Na yi kibbe, na yi kifi da shinkafa irin wanda take so, na yi roƙo, na yi faɗa, na yi kuka. Sai ta ce, “Allah ya yi miki albarka, ajiye can.” Kyanwar maƙwabta dai ta yi ƙiba.

Ranar Juma'a bayan la'asar na shiga kicin, na tarar da ita tsaye gaban firjin nan da ka aiko, tana kankare ƙanƙarar jikinsa da cokali. Ta zuba a kofi, ta ɗiga dibis, zumar inabin nan, ta kai baki. Ko numfashi ban yi ba. Sai ta tofar.

“Warin kifi take yi,” in ji ta. “Wannan ba daga sama ta sauko ba.”

“Mama, me kike nema ne?”

“Baƙsama. Ku 'yan bakin teku me kuka sani? Daga rufin gidan babana muke kwaso ta, mu kwarara dibis ɗin garinmu, mu yi ta ci har haƙora su mutu.”

Tun rasuwar Baba wannan ne karon farko da ta ce tana son wani abu a bakinta. Na gaya mata zancen Faraya. Ta ce ita ba ta cin abin da 'yan gayun Beirut suka tattake da katakon zamiya. Gidan kakanmu yana nan, Abu Shakib ɗan kawunmu ne a ciki, kuma ya ce ɗakin sama namu ne. Ƙanƙara ta ishi yaranka a can su yi birgima.

Yayarka,
Wadad

Kuwait, ƙarshen Nuwamba

Yaya Wadad,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarki, na kasa cin abincin rana. Amma tsorona bai sa na rasa hankalina ba.

Ain Lauz! Garin da in ƙanƙara ta sauka hanya take toshewa sai jaki? Garin da likitansa shi ne wanzaminsa? Tsohuwar da zobe ba ya zama a yatsanta za ki kai ɗakin da murhun itace ne kaɗai ɗuminsa, don ta sha ƙanƙara? Yaya, ke malamar makaranta ce fa. Ƙanƙara ƙanƙara ce. Ta Faraya ma daga sama take saukowa, ba a masana'anta ake yin ta ba. Dibis kuwa in na Ain Lauz take so, a sayo tulu guda a kai mata otal.

Ni ne namiji a gidan nan yanzu, kuma ban yarda ba. In wani abu ya same ta a can, hanya a toshe, da wane ido za ki dube ni? Ki jira ni in zo. Kada ki motsa da ita ko nan da ƙofar gida.

Ki gaida Mama, ki ce ɗanta yana roƙonta ta ci ko loma uku saboda shi.

Nazih

Ain Lauz, Disamba

Namijin gida,

Gaisuwa daga inda ka ce kada in zo. Na ba Mama saƙonka na loma uku, ta ce Allah ya raya ka, ta juya fuska bango. Washegari na ɗauko mota.

A hanya ina rungume da ita ina karanta duk addu'ar da na iya, don in gaya maka gaskiya maganarka ta shige ni. Abu Shakib ne ya goya ta zuwa ɗakin sama. Ta shafa bangon, ta ce an sake fenti, ba a kyauta ba.

Ran Talata da hantsi garin ya yi tsit, sai ga ƙanƙara tana saukowa. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba, ban kuma tsaya kallo ba. Na hau rufi da kwano, na zame, na ƙuje gwiwa, na cika shi fal, na kwarara dibis, na kawo mata. Ta leƙa kwanon, ta dube ni.

“Ta nawa ce wannan?”

“Ta nawa kamar yaya, Mama?”

“Saukar ta nawa ce bana?”

“Ta farko.”

Ta ture kwanon. “Wa ya haife ki ne? Ba a cin ta farko. Ta farko wankin sama ce, duk ƙurar shekara a cikinta take. Sai ta biyu.”

Na juya wajen Ummu Shakib, matar gidan, ko za ta taya ni. Ita ma kallon mahaukaciya take min. Ta ce ko akuyarsu ba sa bari ta lashi ta farko.

Nazih, na fita bayan gida na yi kuka har majina ta daskare min. Na kawo ta ƙarshen duniya, na saɓa maka, ga shi ta ƙi. Na dawo na ce, “Mama, ta biyun yaushe za ta zo?” Ta ce wani lokaci mako, wani lokaci sai bayan wata, wannan sanin Allah ne. Ta kalli hannuwanta, ta juya su gaba da baya. Can ta ɗaga murya:

“Ummu Shakib! Wannan ƙamshin faten kishk ne nake ji? Zubo min kaɗan. Kada ta biyu ta zo ta tarar ba na nan.”

Ta sha rabin kwano. Ta ce gishiri ya yi yawa, ta shanye sauran. Yau da safe ta ci ƙwai da burodi.

Ka soke Faraya. Ka taho da takalman roba, kuma ka gaya wa Ilham a nan ba mai kallon gashin kan kowa.

Wadad

Kuwait, farkon Fabrairu 1973

Yayata,

Assalamu alaikum. Mun sauka lafiya. Rima ta ƙi rabuwa da farantin da suka yi ta zamiya a kansa a gangaren masallaci, har jirgi ta shigo da shi. Ilham, wadda ta yi min rantsuwa ba za ta kwana biyu a garin ba, ita ce ta yi kuka da za mu taho.

Hutuna duka ina kallon sama, ta biyu ba ta sauko ba. Kin yi min dariya ranar da na hau tsauni da jakin Abu Shakib na kwaso tsohuwar ƙanƙara, na ce wa Mama sabuwa ce ta sauka a bayan gari. Har yanzu ina jin muryarta: “Nazih, kai ko ƙarya ba ka iya ba. Wannan ta kwana ta tashi, ta yi tsakuwa. Kai wa injiniyoyin kamfaninku.” Na ji daɗin zagin nan fiye da duk yabon da aka taɓa yi min. Kin yi daidai, Yaya, na faɗa da bakina.

Amma ga abin da ya hana ni sukuni, ban iya gaya miki a gabanta ba. Mama ba don yunwa take ci ba, jira take. Ranar da ta biyu ta sauko, ta sha baƙsamarta, me ya rage mata ta jira? Ina tsoron ta ajiye kwanon ta ajiye cokalin tare. Ni da na zo neman ƙanƙara, yau addu'a nake kada ta sauko.

In ta sauko, ki rufe tagogi. Ki ce ruwa ne. Ki haɗa baki da Ummu Shakib. Ki ja mana lokaci har bazara, na roƙe ki.

Ƙaninki mai jin maganarki,
Nazih

Ain Lauz, ƙarshen Fabrairu

Ɗana Nazih,

Allah ya yi maka albarka, kai da iyalinka. Wadad ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce ta karanto min in ta gama, don kada ta yi min gyara.

Ta biyu ta sauko, yayarka ta rufe tagogi ta ce ruwa ne. Ruwan da ba ya ƙara a kan rufi! Ku biyun duk ba ku iya ƙarya ba. Na sa ta hau ta kwaso, na sha.

Ƙanƙarar ba laifi. Dibis ɗin ne ba shi ba. Sun yi gaggawar sauke shi daga wuta, tsararo kamar shayi, babana da ya gani da ya zubar. Na gaya wa Abu Shakib kada ya taɓa inabin bayan gida bana. Da kaka ni zan tsaya a kan tukunyar da kaina, in nuna musu.

Ka nemi hutunka na baɗi tun yanzu. Ka zo bayan ta farko.

Uwarka,
Ummu Nazih